Na Bi Sawun Tsofaffin Makaɗan Ingila Daga Madrid Zuwa Berlin

Tafiya iri-iri ce. Akwai ta fatauci, akwai ta neman ilmi, akwai ta ziyarar dangi, waɗannan duka mun san su. Amma a ƙasashen Turai akwai wata tafiya wadda mutum zai kulle ɗakinsa, ya saɓi jakarsa, ya bi wata ƙungiyar makaɗa gari gari, alhali kuwa makaɗan nan ba su san da zamansa a duniya ba. Shi zai biya kuɗin jirgi, shi zai biya na masauki, sa'an nan ya biya na shiga wurin wasa. Masu irin wannan tafiya suna da yawa, galibinsu kuwa furfura ta riga ta game musu kai. A cikin watannin Yuni da Yuli da Agusta na shekarar 1922 da ɗari, watau 2022, ni ma na shiga sahunsu, na bi ƙungiyar nan ta Ingila mai suna Rolling Stones a rangadin da ta yi don cikarta shekara 60 da kafuwa.

Ga wanda bai san su ba, su ne tsofaffin hannu a kiɗan da Turawa ke kira rok, kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna. Sun fara wasa ran 12 ga watan Yuli 1962 a wani ƙaramin kulob mai suna Marquee a birnin Landan. Wanda ya tara su, Brian Jones, shi ya raɗa musu suna, ya kuwa samo shi daga wata waƙar Muddy Waters, baƙin Ba'amurke mai kiɗan buluz. A rangadin 2022 mutum uku ne ke riƙe da ƙungiyar: Mick Jagger mawaƙi da Keith Richards mai jita, kowannensu yana da shekara 78, sai Ronnie Wood, shi ma mai jita, wanda ya shigo cikinsu a 1975.

Tun ina makaranta a Zariya, cikin shekarun 1970, na fara jin faifansu a ɗakin wani abokina mai garmaho. Daga baya neman abinci ya kai ni Ingila, na yi shekaru da yawa a can, amma sau ɗaya tak na je kallonsu, kullum ina cewa ai suna nan. Ran 24 ga watan Agusta 2021 sai aka yi shelar mutuwar makaɗin gangarsu, Charlie Watts, yana da shekara 80, bayan ya yi shekara 58 yana zaune a bayansu. Da aka fid da jerin garuruwan rangadin Turai ban tsaya shawara da kowa ba. Wasa 14 suka yi a ƙasashe 9, Allah Ya nufe ni da ganin guda 6.

MADRID

A babban birnin ƙasar Sifen aka buɗe, ran 1 ga watan Yuni. Da safe na tafi kusa da fadar sarki in ga abin da ya rage na tsohuwar ganuwar da Musulmin Andalus suka gina, don kuwa garin nan sarkin Kurɗuba, Muhammadu na Ɗaya, shi ya kafa shi a ƙarni na 9 a matsayin ribaɗi. Da la'asar na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa filin ƙwallon Atletico Madrid, can gabashin gari.

Tun a cikin jirgi mutum zai gane 'yan tafiyar. Kowa yana sanye da riga mai hoton jan leɓe da harshe a waje, wanda shi ne tambarin ƙungiyar tun 1971. A bayan kowace riga an jera sunayen garuruwa da shekara, saboda haka da ka dubi bayan mutum ka san tun yaushe yake bi. Mai rigar 1982 da ta koɗe ya fi mai sabuwa daraja. Gaisuwarsu kuwa ɗaya ce, wato sau nawa ka gan su? Wani dattijo Bajamushe da muka zauna kujera ɗaya ya ce shi ya wuce ɗari, ya fito da wani ɗan littafi duk ya ji jiki, inda yake rubuta gari da rana da jerin waƙoƙin da aka yi. Da ya ji nawa biyu ne da na yau, bai raina ni ba, sai ya shiga koya mini hanya. Ya ce akwai tikiti mai araha da ake sayarwa bibbiyu, amma ba ka san inda za ka zauna ba sai ranar wasa ka karɓi ambulan, ko ka faɗa gaban dandamali, ko ka faɗa can saman bene. Ya ce masu son tsayawa a sahun gaba tun asuba suke layi, su da kansu suke rubuta wa juna lamba a bayan hannu don kada a yi rigima.

Rana ba ta faɗuwa a Madrid a wannan wata sai wajen ƙarfe 9 da rabi na dare. Da duhu ya soma, sai aka kunna manyan allunan majigi. Ba kowa a kan dandamali. Hoton Charlie Watts ne kawai yana kiɗa, tun yana saurayi har ya yi fari fat, ƙarar gangarsa kaɗai ke fita daga lasifika. Filin nan duka ya miƙe tsaye. Bajamushen nan ya tuɓe hularsa. Haka suka riƙa buɗe wasa a ko'ina har ƙarshen rangadin, amma na farkon ne ya fi kama jiki.

Sa'an nan Keith Richards ya fito ya daki jita. Mutumin nan yana da wata dabara: a waƙoƙi da yawa yakan cire tsirkiya ɗaya daga shidan, ya bar biyar, ya sāke musu ɗauri yadda in ya kaɗa su gaba ɗaya za su ba da murya guda mai kauri. Wannan murya ita ce ƙashin bayan kiɗansu. A sauran ƙungiyoyi mai ganga ake bi, amma a nan mai ganga ne ke bin mai jita, yana ɗan jinkiri kaɗan a bayansa, wannan ɗan jinkiri ne ke sa kiɗan ya riƙa rangaji. Watts ya gwanance da shi. Wanda ya gaje shi, Steve Jordan, baƙin Ba'amurke ne mutumin New York, ya daɗe yana aiki da Richards tun shekarun 1980, kuma Watts da kansa ya yarda da shi tun yana kwance ba lafiya. Hannunsa ya fi na marigayin nauyi. Tsofaffin mabiya sun ji bambancin nan take, suka yi ta muhawara a kai har muka rabu a Berlin.

Daren nan Ronnie Wood ya cika shekara 75, aka yi masa waƙar murna. Suka kuma yi wata waƙarsu ta 1966 mai suna Out of Time, wadda ba su taɓa yi a gaban jama'a ba sai ranar. Kai, in ka ga yadda masu littattafan nan suka zaro alƙalami a cikin duhu, sai ka ce an ga watan Salla.

LIVERPOOL

Na tsallake wasan Munich na koma Ingila. Daga tashar Euston ta Landan zuwa Liverpool tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci. Wannan gari na abokan hamayyarsu ne, watau Beatles, ga gumakansu huɗu nan a bakin kogin Mersey baƙi suna ta ɗaukar hoto. Rabon Rolling Stones da wasa a garin tun 1971.

Kafin lokacin wasa na shiga gidan tarihin cinikin bayi da aka buɗe a 2007 a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Albert. A ƙarni na 18 jiragen Liverpool sun kwashi bayi masu yawan gaske daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Amurka da tsibiran da ke kusa da ita. Jikokin bayin nan ne suka ƙago kiɗan buluz a gonakin auduga na Mississippi, suka hau da shi birnin Chicago suka sa masa lantarki. Faifan Chicago ɗin ne suka ƙetaro teku suka faɗa hannun samarin Ingila. Mutum in ya fito daga gidan nan ya nufi filin Anfield, ba zai ji kiɗan daren kamar yadda ya saba jinsa ba. Abin da zan faɗa don adalci shi ne, mutanen nan ba su taɓa ɓoye inda suka samo ba. A 1965, da aka gayyace su wani shirin talabijin a Amurka, sun nace sai an kawo tsohon mawaƙin buluz Howlin' Wolf, suka zauna a ƙasa suna kallonsa.

Ran 9 ga wata aka yi wasan. Don girmama masu gari suka yi wata waƙa wadda John Lennon da Paul McCartney suka ba su a 1963, lokacin da ba su iya shirya waƙa tasu ba tukuna. Mutanen Liverpool kuwa gwanayen amshi ne, filin ƙwallo ya koya musu.

AMSTERDAM

Bayan kwana huɗu na shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin teku, cikin awa huɗu da wani abu na sauka a Amsterdam ta ƙasar Holan, garin magudanan ruwa da kekuna. Filin wasan, mai sunan shahararren ɗan ƙwallo Johan Cruijff, yana kudu maso gabashin gari, a unguwar da mutanen Gana da na Suriname suka yi yawa. A nan na sami shinkafa da miya irin ta gida.

Ran 13 ga watan Yuni ne. An buɗe ƙofofi, waɗansu har sun kama wurinsu a gaban dandamali, sai wani mutum ya fito ya ɗauki abin magana ya ce ba wasa yau. Mick Jagger ya iso filin, ya ji jikinsa ba daidai ba, aka gwada shi, aka tarar ya kamu da cutar korona.

Na zaci za a yi hayaniya, amma ko kaɗan. Jama'a suka fita sannu a hankali suka zazzauna a kan matakala. Ba wanda na ji yana maganar kuɗin jirgi ko na masauki, ko da yake waɗansu daga Ajantina suka zo, waɗansu daga Japan. Maganar da ke bakin kowa ita ce, mutumin nan shekararsa 78, kuma a 2019 an yi masa aiki a zuciya. Wata dattijuwa 'yar Holan da ke kusa da ni, tana tare da jikanta, ta ce ita tun tana budurwa take kallonsu, mijinta da suka saba zuwa tare ya rasu, yaron nan kuwa ta kawo shi ne don ya gani da idonsa kafin abin ya ƙare. Ta yi shiru, sa'an nan ta tambaye ni shekaruna. Na gaya mata. Ta ce to, ai duk layinmu ɗaya.

A kan matakalan nan na gane abin da ya fito da mu daga gidajenmu. Waƙoƙin dai kowa yana da su a faifai, kuma sun fi daɗin ji a can. Abin da muke biya mu gani shi ne sa'o'inmu, ko waɗanda suka girme mu, suna tsaye da ƙafafunsu suna aikin da suka fara tun muna yara. Muddin suna fitowa, kowannenmu yana jin nasa ƙuruciyar ba ta gama tafiya ba. Ran da aka ce ɗaya ya kwanta, kowa kansa ya tuna.

Aka soke wasan birnin Bern na ƙasar Suwizalan ɗungum. Amma bayan kwana takwas sai ga Jagger a Milan yana gudu a kan dandamali. Aka sāke sa wa Amsterdam rana, 7 ga watan Yuli, na koma, aka yi lafiya, na dawo gida na yi Sallar Layya bayan kwana biyu. Na duba ko zan ga dattijuwar nan ban gan ta ba, taron ya yi yawa.

LANDAN DA DARTFORD

Wasa biyu suka yi a dandalin Hyde Park, ran 25 ga Yuni da ran 3 ga Yuli, kowanne wajen mutum dubu 65. Ranar farkon ma'aikatan jiragen ƙasa na Ingila suna yajin aiki, duk da haka wurin ya cika, waɗansu tun jajibiri suka shigo gari.

Wannan dandali yana da tarihi a wurinsu. Ran 3 ga watan Yuli 1969 aka tsinci gawar Brian Jones a tafkin wanka na gidansa, yana da shekara 27, wata guda bayan rabuwarsa da ƙungiyar. Bayan kwana biyu suka yi wasa kyauta a nan, mutanen da suka taru ba su gaza dubu 250 ba, aka saki fararen malam-buɗe-littafi don tunawa da shi. A waƙar ƙarshe ta ranar, wani ɗan Nijeriya mutumin Ijebu Ode, Ginger Johnson, ya hau dandamali da makaɗansa na gangunan Afirka suka yi kiɗa tare. Waƙar nan kuwa, lokacin da aka ɗauke ta a faifai a 1968, wani mutumin Gana da ake kira Rocky Dijon ne ya kaɗa mata ganga. Har a 2022 tana cikin waƙoƙin da suke rufe wasa da su, da kiɗan nan nata na Afirka.

Da rana na taka daga lamba 165 a titin Oxford, inda kulob ɗin Marquee yake a 1962, zuwa bakin Hyde Park. Bai fi mil ɗaya ba. Kulob ɗin ya daɗe da tashi, masu sayayya suna ta wucewa ba wanda ya waiwaya.

A Landan ne na sami tsayawa kusa da doguwar gadar da ke fitowa daga dandamali zuwa tsakiyar jama'a, na ga tsarin aikin da kyau. Wasan awa biyu ne, waƙa wajen 19. Jagger ba ya tsayawa wuri ɗaya, daga wannan gefe ya ruga wancan, siriri kamar sillen kara. A tsakiyar wasa sai ya gabatar da makaɗa ɗaya ɗaya, ya shige ciki ya huta, Richards ya karɓa ya yi waƙa biyu da muryarsa mai kaushi. Daga nesa samari kake gani. Daga kusa kuwa za ka ga yatsun Richards duk sun kumbura sun karkace, za ka ga Wood yana kallonsa yana cike masa inda ya bari. Akwai kuma waɗanda ba a buga hotonsu a riga, kamar Darryl Jones mai babbar jita, wanda ya maye gurbin Bill Wyman tun 1993, da Chuck Leavell mai piyano, wanda ke ba da alamar shiga da fita.

Tsakanin wasannin biyu na tafi Dartford, wani gari a gundumar Kent, kudu maso gabas da Landan. A dakali na 2 na tashar jirgin ƙasar garin akwai wani shuɗin allo da aka kafa a 2015. A nan ne, ran 17 ga watan Oktoba 1961, Jagger yana hanyar zuwa jami'a, riƙe da faifan Chuck Berry da na Muddy Waters, ya gamu da Richards yana hanyar makarantar zane, rataye da jita. Sun yi firamare tare amma sun rabu. Faifan nan ne suka jawo magana. Da aka kafa allon, Bill Wyman ya yi ƙorafi a fili cewa rubutun ya ba su biyun kafa ƙungiyar, alhali Brian Jones ne ya kafa ta. Na tarar da mutum biyar masu rigar jan harshe a dakalin, ba wanda ke jiran jirgi a cikinsu.

BERLIN

Ran 3 ga watan Agusta aka rufe a Berlin ta Jamus, a wani fili mai suna Waldbühne, watau dandamalin daji. Rami ne mai matakala a tsakiyar itatuwa, an gina shi don wasannin Olamfik na 1936, yana cin mutum wajen dubu 22, shi ne mafi ƙanƙanta a rangadin. A watan Satumba 1965 Rolling Stones sun yi wasa a nan, samarin Berlin suka haukace suka kakkarya kujeru suka yi faɗa da 'yan sanda, har wurin ya yi shekaru a lalace. Waɗansu daga cikin samarin nan suna nan a 2022, suna saukowa matakala a hankali, riƙe da ƙarfen gefe.

Na sāke gamuwa da Bajamushen nan mai littafi a bakin ƙofa. Ya nuna mini shafin ƙarshe, saura layi kaɗan littafin ya cika. Ya ce bai sayi sabo ba tukuna, sai ya ji an sa rana.

Mako guda kafin nan Jagger ya cika shekara 79. Da aka gama waƙar ƙarshe, makaɗa duka suka jeru suka rusuna, sa'an nan sauran suka janye aka bar mutum uku. Suka dafa kafaɗun juna suka sāke rusunawa. Shekaru da yawa su huɗu ne ke wannan tsayuwa, Watts a cikinsu da farin kansa, yana ɗan murmushi kamar wanda aka tilasta wa fitowa. Jama'a suka daɗe suna tafi bayan an kunna fitilu, ba wanda ke son ya riga wani fita.

Ba a nan suka tsaya ba. A watan Oktoba 2023 sun fid da sabon faifai mai suna Hackney Diamonds, da gangar Watts a waƙa biyu da aka ɗauka tun yana da rai, a 2024 kuma suka yi rangadin Amurka da Kanada.

Abin da na dawo da shi ga masu karatu kaɗan ne. Mu ma mun yi namu manyan, da masu binsu gari gari. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma na san mutane da yawa da aka yi wasansu a bayan gidansu suka ce sai wani zuwan. Wanda yake da tsohon makaɗi ko mawaƙi da yake ƙauna, in ya ji ya sauka a garinsu ko a garin da mota ke zuwa, to, ya sa takalminsa ya tafi. Allah Ya ba mu tsawon rai mai amfani, amin.